Rumbu Ɗaya, Ƙofa Goma Sha Takwas

A Ƙaura, inda dogo ya gaji ya tsaya,
nan ajina yake, bayan tasha,
da tsofaffin kwamfutoci goma sha bakwai
da wani banki ya yi gwanjonsu.
Ka kunna ɗaya, ka je ka yi alwala,
ka dawo ka tarar tana miƙa.

Kawu Maidamma ya ce a kira 'yan bola jari.
Na ce a ba ni kwana uku.

Sabuwa ɗaya ce tak gare mu,
baƙa, mai nauyin dutsen niƙa,
kuɗin gyaɗar bara ne suka zama ita.
Na share cikinta tas,
na zuba mata Linuks,
manhajar da ba a rufe tukunyarta,
wadda mutanen da ban san fuskarsu ba
suka yi wa gayya suka watse.
Ko goro ban ba su ba.

Dabarar ba ta da yawa:
ita ta yi tunani, su su nuna.
Tsofaffin su zama tagogi,
ai taga ba ta buƙatar ƙwaƙwalwa.

Daren farko, baƙin allo.
Na sa suna, na sa kalmar sirri,
ya karɓa, sannan ya yi mini duhu.
Sauro ya ci rabonsa, batirin sola ya yi ƙara,
ina bin rajistar kurakurai layi-layi
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Sai wajen asalatu na gane:
ashe ni ce a cikin ɗakin,
ni ce kuma a waje ina sallama.
Na fita ta can, na shiga ta nan,
allon ya washe.
Na yi dariya ni kaɗai, har maigadi ya leƙo.

Sai na yanka wa kowa ɗakinsa.
Nasiba, Luba, Mudassiru,
kowa da mabuɗi, kowa da tabarma,
ba mai leƙa takardar wani.
Ran Laraba duka sha bakwai suka farka tare.
Kawu ya tsaya bakin ƙofa, hula a ƙeya:
"Ke Shafa'atu, mi kika ba su?"

Ba a yi awa guda ba komai ya daskare.
Huzaifa ne, can kwana,
ya buɗe ƙwallo, ya shanye rijiyar gari.
Daga ranar na auna wa kowa mudunsa.

Akwai kuma baƙin dare.
Da safe na duba, sau dubu huɗu
wasu daga ƙasashen da ban iya faɗa ba
sun ƙwanƙwasa suna gwada mabuɗai.
Na ja katanga, na toshe kowace kafa,
na bar siririyar hanya ɗaya
wadda sai mai shaida ke bi.

Don Basira na bar ta.
Tun da hanyar garinsu ta lalace,
ba lalacewar kwalta ba,
babanta ya ce ba ta ƙara hawa mota,
jarrabawa kuwa saura sati shida.
Akwai tudu bayan masallacinsu
inda sabis ke ratsawa da la'asar.
Can take hawa da wayar yayanta.

Ni ina nan, fanka na juya zafi,
ina kallon jerin waɗanda ke ciki.
Sha bakwai.
Sha bakwai.
Ƙarfe huɗu da minti goma,
sunanta ya faɗo ƙasan jerin.
Kujerarta na nan ba kowa, da ƙura a kai,
amma a cikin baƙin akwatin nan
ta buɗe tambaya ta tara,
inda ta tsaya jiya.